Daga Bakin Tur'a Zuwa Kilomita 42: Jagorar Mai Shirin Gudun Fanfalaki a Fau

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Tsawon ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a hukumance a 1921. Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya cinye wannan tazara cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023, amma ba irinsa nake wa magana ba. Da kai nake, malamin makaranta, ko mai shago a tashar mota, ko manomi mai hawasha, wato gona, a ƙauyukan aikin noman Rahad, wanda burinsa ya gama cikin awa 4 da rabi ko 5 da ƙafafunsa, ya dawo gida ya ci gaba da neman abinci.

Tsare-tsaren atisaye sun cika intanet, kuma yawancinsu ba su yi ƙarya ba. Sai dai an rubuta su ne don mutanen da za su iya fita gudu da azahar su dawo lafiya. Wanda ya ɗauko ɗaya ya bi shi ido rufe a Fau, asibiti zai kai shi. A nan abu uku ne ke tsara maka atisaye, ko ka so ko ka ƙi: rana, ƙasa, da kalandar noma. Sauran bayani duk a ƙarƙashinsu yake.

Fara lissafi daga ranar gasa

Shekarar jihar Gadarif, inda Fau take, ba ta da wuyar karantawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne, yakan haura 40 a ma'auni. Damina ta kama daga Yuni zuwa farkon Oktoba. Sai kaka, lokacin yankan riɗi, mai zafi da gumi, sannan sanyi ya shigo daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Waɗannan watanni huɗu na sanyi su ne jarin mai gudu. Duk gudu mai tsawo a cikinsu ya kamata ya faɗo.

An yi sa'a, gasannin da mutumin Sudan zai fi iya kaiwa gare su suna zuwa ne a ƙarshen wannan lokaci. Ta Dubai galibi a Janairu ake yin ta. Ta Riyad, wadda aka fara a 2022, a wajajen ƙarshen sanyi take. Ta Legas, wadda aka soma a 2016, a Fabrairu ake yi, ga mai dalilin zuwa ganin dangi a Najeriya. A maƙwabta kuma akwai babban gudun Habasha na Addis Ababa, wanda Haile Gebrselassie ya shiga gaba wajen kafawa a 2001. Kilomita 10 ne, ana yin sa a Nuwamba, ya dace da mai son ɗanɗana taron gudu kafin babbar rana. Idan kuwa kuɗin jirgi da biza sun gagara, wanda shi ne halin mafi yawanmu, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku auna kilomita 42 da wayar hannu a kan gaɓar ruwa, ku sa rana a Janairu. Ba a ba da lambar wuya a can, amma tazarar ɗaya ce.

Ko wacce ka zaɓa, ƙirga mako 18 baya. Gasar tsakiyar Fabrairu tana nufin ka fara a tsakiyar Oktoba, ta Janairu kuma a tsakiyar Satumba. Sharaɗin shiga waɗannan makonni 18 shi ne a ce kana iya gudun kilomita 10 ba tsayawa, kuma ka yi wata biyu ko uku kana haɗa kilomita 20 zuwa 25 a mako. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa gudu ba tun da ya bar ƙwallon unguwa, ya fara da minti ɗaya na sassarfa, minti biyu na tafiya, har rabin awa, sau uku a mako, yana ƙara gudun yana rage tafiyar sannu a hankali. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ko ciwon sukari, ko aka taɓa samun mai ciwon zuciya a gidansu, ya ga likita tukuna. Haka ma wanda bai san rukunin jininsa ba game da sikila, domin mai ɗauke da rabinta ma yana cikin haɗari idan wahala mai tsanani ta haɗu da zafi da ƙishirwa.

Inda za ka taka

Fau tana kan babbar hanyar da ta taso daga Wad Madani ta nufi Gadarif da Kasala har Port Sudan. Kwalta ce mai jan hankalin mai gudu saboda santsinta, amma hanyar manyan motoci ce da bas-bas masu gudun tsiya, kuma direban da ya kwana yana tuƙi ba ya tsammanin ganin mutum a gefen titi da duku-duku. Ka bar masa hanyarsa. In dole ta kama ka bi ta na ɗan gajeren zango, ka fuskanci motocin da ke zuwa, ka sa riga mai haske.

Filinka na gaskiya shi ne aikin noman Rahad, wanda hedikwatarsa take a Fau. An buɗe shi a ƙarshen shekarun 1970, faɗinsa kimanin fadan 300,000 a gabashin kogin Rahad, ana shayar da shi da ruwan Rahad daga madatsar Abu Rakham da kuma wanda ake turowa daga Shuɗin Nilu. Injiniyoyin da suka shata shi auduga da gyaɗa ne a ransu, amma sun bar wa mai gudu kyauta: hanyoyin ƙasa a gefen magudanan ruwa, wato tur'a, miƙaƙƙu, a baje, masu tsawon da ido ba ya ganin ƙarshensu. Ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Ga ƙauyuka jefi-jefi inda za ka iya ajiye ruwa.

Sai dai baƙar ƙasar nan tana da hali biyu, kuma duka biyun sai da lura. Da rani takan tsattsage, ramin ya isa ya haɗiye gaban takalmi ya murɗe idon sawu. Inda tarakta ta bi da damina kuma, sawun tayar yakan bushe ya zama kunya-kunya mai tauri. Saboda haka hanyar da za ka bi cikin duhu, ka fara bin ta da rana a kan keke, ka san ramukanta. Da damina kuwa ba a magana. Ruwa ɗaya ya isa ya mai da ita taɓo mai kama takalmi har ka ji kana ɗauke da rabin gona a ƙafa. A irin wannan rana ka nufi gindin duwatsun Fau, inda ƙasa take da tsakuwa tana saurin tsanewa, ko ka zagaya filin ƙwallo, ko ka haƙura. Rana ɗaya da aka rasa ba ta rushe shiri.

Duwatsun nan suna da wani amfanin. A fili mai baje kamar namu, ɗan hawan da ke gindinsu shi kaɗai ne wurin ƙarfafa cinya da sha-raɓa. Hawa na minti ɗaya da ƙarfi, saukowa da tafiya, sau shida zuwa takwas, ya wadatar.

Akwai abin da ba za a tsallake ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara, Fau ta zama matattarar masu gudun hijira da sojoji, kuma ko bayan sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, yankin bai koma yadda yake a da ba. Mutumin da ke gudu cikin duhu abin tuhuma ne. Ka riƙe katin shaida a aljihu. Ka nisanci wuraren soja, ka rage gudu ka koma tafiya tun kafin ka isa shingen bincike, ka yi sallama, kada ka ɗaga waya a wurin. In akwai dokar hana fita, ka bi ta. Duk wani ƙarfe da ba ka gane ba a gefen hanya, kada ka taɓa shi ko da ƙafa, ka sanar da hukuma. Kuma ka je ka gaida shehin ƙauyen da za ka riƙa ratsawa, ka ce masa, «Baba, ni ne za ku riƙa gani da asuba a bakin tur'a, motsa jiki nake yi.» Gaisuwar minti biyar ce, amma ranar da wani ya tambaya, akwai mai cewa ya san ka.

Yadda mako yake tafiya

Lokacin gudu a Fau ɗaya ne: bayan sallar asuba. A watannin sanyi rana tana fitowa wajen ƙarfe shida, kuma kafin tara ta fara cizo. Wannan ke nufin kwanciya da wuri. Wanda ya raba dare a gaban mai shayi ko a gidan kallon ƙwallo, ba zai tashi ba, in ya tashi ma jikinsa ba zai karɓi aikin ba. Barcin awa 7 zuwa 8 yana cikin atisaye, kuma in aikinka ya ba da dama, ƙailula ma tana ciki.

Kwana huɗu na gudu a mako sun isa. Lahadi da Laraba gudu mai sauƙi, kilomita 6 zuwa 10. Talata ranar ƙarfi ce: ko hawan dutsen nan, ko ka ɗumama jiki na minti 15 sannan ka yi minti 20 da saurin da ya fi na kullum amma bai kai tsere ba. Juma'a da asuba kuma babban gudu, tunda ba aiki, ka dawo ka yi wanka ka ci abinci ka ɗan kishingiɗa kafin masallaci. Sauran kwana ukun hutu ne, sai dai sau biyu a cikinsu ka ba da minti 20 ga tsugunne-tashi, da ɗaga dunduniya a bakin dakali, da motsa jikin da ke ƙarfafa ciki da ƙugu. Manomi kuma ya yi lissafi da gaskiya. Ranar da ka wuni kana yankan riɗi ko cirar gyaɗa, ka riga ka yi ranar ƙarfinka, kada ka ɗora mata wata.

Babban kuskuren masu farawa shi ne sauri. Samari musamman, da zarar sun ga mutane a bakin hanya sai ƙafa ta ƙara wuta. Kashi huɗu cikin biyar na gudunka ya kamata ya zama a hankali ƙwarai, yadda za ka iya ba abokin tafiyarka labari cikakke ba tare da numfashi ya yanke maka zance ba. In sai kalma ɗaya-ɗaya kake iya fitarwa, ka wuce gona da iri. Wannan gudu na sannu shi ne ke ƙara wa zuciya ƙarfin turo jini, ya yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ya koya wa jiki ƙona kitse. Kuma zuciya da huhu sun fi ƙashi da agara saurin sabawa. Shi ya sa a mako na biyar ko na shida mutum yakan ji kamar zai iya ninka tazararsa, ya ninka, ƙwauri ko gwiwa su ɗauki ciwo. Ƙa'idar da masu horarwa suka saba bayarwa ita ce kada jimillar mako ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma kowane mako na huɗu a sassauta.

Za a yi maka dariya, wannan kam ka sa a ranka. Mai amalanke zai tambaye ka wa ya biyo ka, wata tsohuwa za ta ce, «Ɗan nan, lafiya dai ko?» Ka amsa gaisuwa ka wuce. Ƙasar nan ba baƙuwar gudu ba ce. Lambar Olamfik ta farko da Sudan ta samu ta gudu ce, azurfar da Isma'il Ahmad Isma'il ya ciyo a mita 800 a Beijin a 2008, kuma a wannan shekara Abubakar Kaki ya zama zakaran duniya na cikin zaure a wannan tazara.

Gudun Juma'a

Wannan shi ne ƙashin bayan shirin. In ka rasa gudun Laraba ba komai, amma na Juma'a kada ka yi wasa da shi. Ga yadda zai hau, mako bayan mako: kilomita 12, 14, 16, a sauko 12, sai 18, 20, 22, a sauko 16, sai 24, 26, 28, a sauko 20, sai 30, a sauko 22, sannan 32, wanda shi ne mafi tsawo, kuma ya faɗo mako uku kafin gasa. Ba a gudun 42 a atisaye. Wahalar da zai bari a jiki ta fi amfaninsa yawa.

A ganina ma, mai gudu a Fau ya fi dacewa ya bi agogo fiye da kilomita. In ka tashi biyar da kwata, awa uku da rabi za su kai ka tara saura kwata, kuma iyakar ke nan. Ko kilomita 28 kawai ka samu, ka tsaya. Abin da za ka ƙara bayan wannan lokaci a ƙarƙashin ranar Fau ba ƙarfi ba ne, cuta ce.

Me ya sa ake nacewa kan wannan dogon gudu? Jiki yana da ɗan rumbu inda yake ajiye sukarin da ya tace daga hatsi, a cikin tsoka da hanta, kuma abin da ke ciki ba ya wuce na kilomita 30 ko kusa da haka. In rumbun ya ƙare, ƙafa takan yi nauyi farat ɗaya, kai ya yi dum, mutumin da ke gudu da fara'a ya koma jan jiki. Dogon gudu a hankali yana koya wa jiki tattalin abin da ke ciki, yana kuma ba ka damar koyon ci kana tafe. Masana suna ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari a kowace awa, ga gudun da ya wuce awa ɗaya da rabi. Ba sai ka nemi abin leda na ƙasashen waje ba. Dabino uku ko huɗu kowane minti 30 zuwa 40 sun yi. In busasshen nan ne mai tauri, ka jiƙa shi tun dare, ka cire ƙwallon, ka ƙulla a leda. Ayaba ma ta yi. Ka fara ci tun kafin ka ji yunwa, domin in ka jira sai jiki ya nema, ka makara.

Kada ka yi wannan gudu kai kaɗai. In ba ka da abokin gudu, ka nemi ƙane ko ɗa mai keke ya bi ka da jarkar ruwa da waya. In hakan bai samu ba, ka zaɓi zagaye na kilomita 5 ko 6 da zai riƙa dawo da kai wurin da ka ajiye ruwa. Akwai gundura, amma gara gundura da a tsince ka a kwance nesa da gari. Da tocila a hannu kafin gari ya waye, saboda maciji da kunama da ƙayar da ke zuba a gefen hanya. Karen ƙauye kuma in ya taso, ka tsaya ka fuskance shi ka koma tafiya, gudu ƙara masa ƙaimi yake yi.

Ruwa da gishiri

Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma a busasshiyar iskar sanyi gumin yana bushewa tun kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi ba. Hanyar sanin naka ita ce sikeli. Ka auna kanka kafin gudun awa ɗaya, ka sake aunawa bayan ka dawo ka goge jiki. Kowane kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Abin da ake so shi ne kada ragin ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinka. Ga mai kilo 70, wajen kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ke nan. Fitsari ma yana ba da labari: in ya yi duhu kamar shayi, akwai bashin ruwa a kanka.

Amma ruwa zalla da yawa shi ma yana kisa. Wanda ya yi awa huɗu ko biyar yana ɗura ruwa fiye da gumin da yake fitarwa, gishirin jininsa yakan tsarma, kai ya yi ciwo, amai ya zo, hankali ya gushe. Masu gudu a hankali su suka fi faɗawa wannan, domin sun fi daɗewa a hanya. Ka sha kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishirwa, kuma a dogon gudu ka sa gishiri a lissafi. Haɗin nan da ake yi wa yaro mai gudawa ya isa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ka dawo gida, zoɓo ko ruwan tsamiya ko na kuka da ɗan gishiri duk suna mayar da jiki.

Ka san bambancin gajiya da bugun zafi. Jiri, tashin zuciya, tsikar jiki tana tashi alhali ana zafi, duk alamar a tsaya ne nan take a nemi inuwa. In kuwa abokin gudunka ya fara tangaɗi, ko yana magana ba kan gado, ko ya kasa gane inda yake, rayuwarsa ce a hannunku. Ku kwantar da shi a inuwa, ku cire masa kaya, ku yi ta kwara masa ruwa a duk jiki kuna fifita, ku sanyaya shi tukuna ana neman abin hawa zuwa asibiti. A wannan hali kaɗai ne ruwan tur'a ya halatta a jiki. In ba haka ba, duk yadda ya kai ga ban sha'awa bayan kilomita 25, kada ka shiga, kada ka sha, domin magudanan aikin noma gidan tsargiya ne.

Ci, azumi da lafiya

Abincinmu na yau da kullum ya ishi mai gudu. Kisira, asida, tuwon dawa, shinkafa, burodi, su ne man tafiya. Ful, adas, ƙwai, madara, gyaɗa da ɗan nama su ke gyara tsokar da ta wahala. Abin lura kawai lokaci ne. Ful da mai da albasa ba abin ci ba ne kafin gudu, haka agashe mai yaji a daren Alhamis, sai dai in kana son ka san kowace gonar dawa da ke kan hanyarka. Kafin fita, shayi da ɗan burodi ko dabino biyu sun isa. In ka dawo, kada ka jira karin kumallon ƙarfe goma kamar yadda aka saba, ka sa wani abu a ciki cikin awa ɗaya, ko godo-godo ne da nono.

A waɗannan shekaru azumi yana faɗowa a ƙarshen sanyi, yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, wato yana shiga tsakiyar lokacin gasa. Ka duba kalanda tun kafin ka zaɓi rana. In Ramadan ya faɗo cikin shirinka, ka rage. Ɗan gudu mai sauƙi na rabin awa dab da shan ruwa, ko matsakaici bayan tarawihi in hali ya ba da damar fitar dare, ya isa ya riƙe maka abin da ka gina. Gudun awa uku da azumi a baki kuwa ba jarumta ba ce.

Zazzaɓi ya hana gudu, babu jayayya. Kaka lokacin sauro ne, kuma wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro jininsa ya ragu, sai ya ƙare magani, ya ƙara kwanaki, sannan ya dawo da rabin abin da yake yi. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, da rama, a jihar Gadarif sai an gwada kala'azar. Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac kafin dogon gudu don kashe ciwo, domin haɗuwarsu da ƙishirwa tana taɓa ƙoda. Tramadol kuwa ko a ambace shi bai kamata ba. Ciwon tsoka da ya watsu a cinyoyi biyu ya tafi cikin kwana biyu, wannan na aiki ne. Wanda ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, ko ya sa ka ɗingishi, na hutu ne.

Takalmi shi ne abu ɗaya da ya cancanci ka kashe wa kuɗi. Abebe Bikila ya ci gasar Rum a 1960 ba takalmi, amma shi ba a kan ƙayar Rahad ya yi ba. Na gwanjo ma ya yi in tafinsa bai cinye ba kuma katifar cikinsa ba ta mutu ba. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta buɗe, ka bar faɗin babban yatsa a gaba. Takalmi yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Safa mai kama ƙafa, da ɗan man shafawa a tsakanin cinyoyi da hammata da kan nono, suna hana saɓulewar fata.

'Yan'uwa mata kuma, duk abin da aka faɗa ya shafe ku. Ku fita a ƙungiya da sanin gida, da sutura mara nauyi mai haske, a filin makaranta ko wata hanya da aka sani. Ku fi kula da ƙarancin jini, domin gajiyar da ba ta tafiya sau da yawa daga nan take.

Makonni ukun ƙarshe da ranar kanta

Bayan gudun 32, aiki ya ƙare, saura tattali. Juma'ar gaba kilomita 20, ta bayanta 12 ko 13, a makon gasa kuma ɗan motsi sau biyu. Jiki zai yi ta ƙaiƙayin gudu, zuciya ta riƙa raya maka cewa shirin bai isa ba. Kada ka biye mata. A kwana biyun ƙarshe ka yawaita hatsi, ka rage mai da yaji da ganye. In tafiya za ka yi, ka isa da kwana biyu a hannu, takalminka a jakar hannu.

Ranar gasa ba a sabon abu: ba sabon takalmi, ba sabuwar riga, ba abincin da cikinka bai sani ba. Ka san saurinka tun daga gida. Mai neman awa 4 yana cin kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41, mai neman 4 da rabi a minti 6 da daƙiƙa 24, mai neman 5 a minti 7 da 'yan daƙiƙu. Kilomita biyar na farko ka yi su ƙasa da wannan sauri, ka bar masu zumuɗi su wuce, da yawansu za ka same su suna tafiya bayan kilomita 30. Tafiyar minti ɗaya a wurin shan ruwa ba abin kunya ba ce. In ka gama, ka ci gaba da takawa na ɗan lokaci, ka sha, ka ci, sannan ka ba ƙafa mako guda ba gudu, mako biyu na bayansa kuma sassarfa kawai.

In Oktoba ta kama ba ka kai ga gudun kilomita 10 cikin sauƙi ba, ɗan'uwa, bana ba shekarar 42 ba ce gare ka. Ka sa ranar rabin zango, kilomita 21, a ƙarshen Janairu, ka riƙe gudun asuba sau uku a mako har damina ta wuce, ka shiga makonni 18 ɗinka a kaka mai zuwa.